Ƙudurin Jama'a da Majalisar Dokoki: Sharhi a kan Ma'aunin Wakilci a Jihohin Amurka da Suwizalan

1.0 Gabatarwa

Gardamar da za mu yi sharhi a kanta a wannan maƙala tsohuwa ce. A shekarar 1762 Rousseau ya yi jayayya cewa nufin jama'a ba abu ne da za a damƙa wa wani ya riƙe a madadinsu ba. A 1774 kuwa Edmund Burke ya gaya wa mutanen Biristol da suka zaɓe shi cewa abin da suke bin sa shi ne hankalinsa da hukuncinsa, ko da sun saɓa wa ra'ayinsu. A 1787 James Madison ya goyi bayan mulki ta hanyar wakilai domin tsoron kada masu rinjaye su danne tsiraru. Abin da ya sa gardamar ta dace da nazari a yau shi ne akwai wuraren da aka shafe fiye da shekara ɗari ana aiki da hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa, watau majalisa tana yin doka, jama'a su ma suna yin tasu. Saboda haka muna da abin dubawa a aikace.

Manufarmu ita ce mu auna wani ra'ayi da ya sami karɓuwa a tsakanin masana siyasar Amurka, cewa ƙudurin jama'a ya fi majalisa wakiltar masu zaɓe domin sakamakonsa ya fi dacewa da abin da mafi yawansu ke so. Za mu nuna cewa ra'ayin yana da gaskiya a wani fage, amma ma'aunin da aka gina shi a kai gajere ne, domin wakilci ya ƙunshi abubuwa da dama waɗanda ƙidayar masu “e” da masu “a'a” ba ta iya nunawa.

2.0 Ma'anar Ƙudurin Jama'a da Asalinsa

Ya kamata mu bambanta abubuwa biyu tun da farko. Ƙuri'ar raba gardama sananniya ce a wajenmu, domin da ita mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi shiga Nijeriya a watan Fabrairu na 1961, aka kafa Lardin Sardauna. A irin wannan ƙuri'a hukuma ce ke tsara tambaya, jama'a su amsa. Abin da muke kira ƙudurin jama'a ya sha bamban, domin a nan wasu 'yan ƙasa ne da ba su riƙe da kujera ke rubuta doka, su tattara sa hannun adadin mutanen da aka ƙayyade, sa'an nan a ɗora dokar a takardar ƙuri'a. Idan ta sami rinjaye ta zama doka, ko majalisa ta so ko ta ƙi.

A Amurka babu wannan tsari a matakin tarayya, sai a jihohi. Dakota ta Kudu ce ta fara a 1898, Oregon ta bi a 1902, Kalifoniya kuma a 1911 a zamanin Gwamna Hiram Johnson. Dalilin kafa shi a Kalifoniya a fili yake: jama'a sun gaji da yadda kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ya mallake majalisar jihar. Jihohi 24 suka kafa tsarin, ko da yake Kotun Ƙolin Misisipi ta soke na jiharta a 2021. A Kalifoniya ana bukatar sa hannun da ya kai kashi 5 cikin 100 na ƙuri'un da aka jefa a zaɓen gwamna na baya idan doka ce, kashi 8 cikin 100 idan gyaran tsarin mulkin jiha ne. A Suwizalan kuwa tun 1891 ake da tsarin a matakin tarayya.

Abin lura a nan shi ne tun asali an ƙirƙiro ƙudurin jama'a ne a matsayin magani ga majalisar da ta kamu da cuta. Waɗanda suka kafa shi ba su yi nufin rufe majalisa ba.

3.0 Hujjar Magoya Baya da Ƙarfinta

Wanda ya fi kowa tsara hujjar magoya baya shi ne John Matsusaka a littafinsa na 2004. Ya kwatanta jihohin da ke da tsarin da waɗanda ba su da shi, ya ga cewa a ƙarshen ƙarni na ashirin masu tsarin sun fi rage haraji da kashe kuɗi, kuma binciken ra'ayin jama'a na wannan zamani ya nuna haka mafi yawan mutane ke so. Ya kuma nuna cewa a farkon ƙarnin jihohi masu tsarin su suka fi kashe kuɗi. Daga nan ya yanke cewa tsarin ba na masu ra'ayin riƙau ba ne, ba kuma na masu neman sauyi ba, yana bin masu rinjaye ne duk inda suka karkata.

Abubuwan da suka faru bayan fitowar littafin sun ƙara wa hujjar ƙarfi. A 2012 Kotun Ƙolin Amurka ta bar wa kowace jiha zaɓi ko ta faɗaɗa shirin lafiyar marasa galihu mai suna Medicaid ko ta ƙi. Majalisu da gwamnoni da dama na jam'iyyar Rifabulikan suka ƙi. Amma tsakanin 2017 da 2022 jama'ar jihohi bakwai, watau Mein da Aidaho da Nebraska da Yuta da Mizuri da Okalahoma da Dakota ta Kudu, suka faɗaɗa shirin ta hanyar ƙuduri. Haka kuma a Nuwamba 2020 mutanen Filorida suka zaɓi Donald Trump, a wannan rana kuma kimanin kashi 61 cikin 100 suka amince a ɗaga mafi ƙarancin albashi a hankali zuwa dala 15 a awa, abin da majalisar jiharsu ba ta yi ba.

Waɗannan misalai suna tona wani rauni na asali a zaɓen wakilai. Mai zaɓe yana da ƙuri'a ɗaya, jam'iyya kuwa tana zuwa da ɗaurin manufofi masu yawa, sai ya ɗauka duka ko ya bari duka. Mutum na iya bin jam'iyya saboda addini ko tsaro, alhali ya saɓa mata a kan albashi. Ƙuduri yana kwance ɗaurin, ya ba shi dama ya yi magana a kan abu guda.

Akwai kuma fagen da majalisa ba ta isa ta zama alƙali ba, domin ita ce mai ƙara. Ba a ba kura ajiyar nama. A zaɓen 2018 'yan takarar jam'iyyar Dimokurat sun sami fiye da rabin ƙuri'un majalisar wakilan jihar Wiskonsin, amma kujeru 36 kacal suka samu daga cikin 99, saboda yadda majalisar da ta gabata ta shata iyakokin mazaɓu. Wiskonsin ba ta da ƙudurin jama'a. Maƙwabciyarta Mishigan tana da shi, kuma a 2017 'yan sa kai suka tattara sa hannu fiye da 400,000, a 2018 jama'a suka karɓe shata mazaɓu daga hannun majalisa suka miƙa wa hukuma mai zaman kanta mai mutum 13. Duk wanda zai soki ƙudurin jama'a, wajibi ne ya fara amsa cewa majalisar da ta zaɓi masu zaɓenta ba ta da bakin kiran kanta madubin jama'a.

To, ina gizo yake saƙar? Muna ganin a wurare uku ne.

4.0 Wa Ya Tsara Tambayar?

Ma'aunin dacewa da ra'ayin masu rinjaye yana duban amsa, ya manta da tambaya. Jama'a ba su rubuta ƙuduri, wasu ne ke rubutawa, jama'a su ce “e” ko “a'a” ba tare da ikon canza ko da wasali ba. A zaɓen 2024 ana bukatar sa hannu 546,651 kafin doka ta hau takardar ƙuri'a a Kalifoniya, gyaran tsarin mulki kuwa 874,641, cikin kwana 180. Abin da 'yan sa kai suka yi a Mishigan ba kasafai yake yiwuwa ba. A mafi yawan lokuta kamfanoni ake biya su tura ma'aikata ƙofar kantuna suna neman sa hannu. Kotun Ƙolin Amurka ta hana jihohi haramta wannan sana'a a 1988, kamar yadda a 1978 ta yanke cewa ba za a hana kamfanoni kashe kuɗi a yaƙin neman ƙuri'ar ƙuduri ba. Wannan ne ya sa ɗan jarida David Broder ya yi littafi a 2000 yana kukan cewa maganin da aka kawo domin karya ikon masu kuɗi ya koma makaminsu.

Magoya baya suna da amsa. Elisabeth Gerber ta nuna a 1999 cewa kuɗin kamfanoni ya fi tasiri wajen kayar da ƙuduri, ba shi da ƙarfi sosai wajen sa a amince da shi. Arthur Lupia kuma ya yi nazarin ƙudurori biyar na inshorar mota da aka jefa wa ƙuri'a a Kalifoniya a 1988, ya ga cewa mutanen da ba su karanta dokokin ba, amma suka san ɓangaren da kamfanonin inshora ke goyon baya, sun yi zaɓe kamar waɗanda suka karanta. Watau talaka ba wawa ba ne, in ya san mai kiɗa ya san irin rawar.

Mun yarda da wannan, amma bai warware matsalar ba. Da farko, ikon kayar da ƙuduri shi ma iko ne babba, domin yana nufin akwai dokokin da jama'a za su so waɗanda ba za su taɓa wucewa ba. Na biyu, Ƙuduri na 22 na shekarar 2020 ya nuna kuɗi na iya gina doka. A 2019 majalisar Kalifoniya ta yi dokar da za ta sa a ɗauki direbobin kamfanoni irin su Uber da Lyft a matsayin ma'aikata masu cikakken haƙƙi. Kamfanonin da abokansu suka kashe fiye da dala miliyan 200, suka rubuta ƙudurin da ya fitar da su daga dokar, kimanin kashi 58 cikin 100 suka amince. A cikin ƙudurin aka saka sharaɗin cewa majalisa ba za ta gyara shi ba sai da amincewar kashi bakwai cikin takwas na 'ya'yanta. Idan aka auna da ma'aunin Matsusaka, wannan doka ta dace da ra'ayin masu rinjaye. Amma babu mai cewa masu zaɓe ne suka zauna suka ga cewa bakwai cikin takwas shi ne daidai. Sharaɗin ya shiga ne a bayan babbar tambaya, kamar yadda ƙaiƙayi ke bin hatsi cikin buhu.

A majalisa doka tana bi ta kwamiti, a saurari masu ruwa da tsaki, a cire wani sashe a ƙara wani. Babu shakka masu kuɗi suna da kunne a can ma. Bambancin shi ne a majalisa akwai matakai da dama da za a iya kama kuskure, a ƙuduri kuwa rubutun farko shi ne na ƙarshe.

5.0 Tambaya Ɗaya da Kasafi Ɗaya

Matsala ta biyu ta fito ne daga abin da muka yaba a baya, watau kwance ɗauri. Wasu al'amura ana iya raba su, wasu kuwa a ɗaure suke ko an so ko an ƙi, kuma babu wanda ya kai kasafin kuɗi. Idan aka tambayi mutum ko yana son a rage haraji zai ce yana so. Idan aka tambaye shi ko yana son a ƙara wa makarantu kuɗi, nan ma zai ce yana so. Amsoshin biyu gaskiya ne, amma baitulmali ɗaya ne.

Tarihin Kalifoniya ya isa misali. A watan Yuni na 1978 kimanin kashi 65 cikin 100 suka amince da Ƙuduri na 13 wanda Howard Jarvis da Paul Gann suka jagoranta. Ƙudurin ya ƙayyade harajin gidaje da filaye a kashi 1 cikin 100 na kimarsu, ya hana a ɗaga kimar fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara har sai an sayar, ya kuma wajabta kashi biyu cikin uku na majalisa kafin a ƙara harajin jiha. Kukan masu gidaje na gaskiya ne, domin farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabo, haraji ya bi shi, majalisa kuwa ta yi ta jan ƙafa alhali akwai rarar kuɗi a baitulmalin jiha. Amma kuɗin da ƙananan hukumomi ke samu daga wannan haraji ya ragu da fiye da rabi, suka koma dogaro da gwamnatin jiha, ikon gudanar da makarantu ya tattara zuwa Sakaramento, abin da ba a tambayi kowa a kansa ba.

Bayan shekara goma, a 1988, jama'ar nan dai suka amince da Ƙuduri na 98 wanda ya keɓe wa makarantu kimanin kashi 40 cikin 100 na babban asusun jiha. A 1994 suka amince da ƙudurin ɗaurin shekara 25 zuwa rai da rai ga wanda ya aikata babban laifi karo na uku, wanda ya ƙara kuɗin gidajen yari, har suka sassauta shi da wani ƙuduri a 2012. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya dace da ra'ayin masu rinjaye a ranar da aka yi shi. Haɗa su wuri ɗaya kuwa aikin majalisa ne, wadda aka ɗaure wa hannu sa'an nan aka ce ta yi dambe.

A nan ne batun alhaki ke shigowa. Ɗan majalisar da ya yi doka maras kyau ana iya kayar da shi a zaɓe mai zuwa. Wanda ya ɗauki nauyin ƙuduri ba shi da kujerar da zai rasa. Jarvis ya rasu a 1986, Gann a 1989, dokarsu kuwa tana nan. A ƙarƙashinta maƙwabta biyu masu gidaje iri ɗaya suna iya biyan haraji mai nisan bambanci, domin ɗaya ya saya tuntuni ɗaya ya saya jiya, kuma Kotun Ƙoli ta halatta haka a 1992. Matashin da ke ɗaukar nauyin bambancin ba a ma haife shi ba a 1978. Ma'aunin da ke duban ranar zaɓe kaɗai ba shi da abin cewa game da shi.

6.0 Ƙidayar Kawuna da Nauyin Bukata

Matsala ta uku ita ce mafi girma. Hausawa kan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a ƙuduri haka abin yake ba tare da wani sassauci ba. Ƙuri'ar wanda doka za ta rushe rayuwarsa daidai take da ƙuri'ar wanda bai damu ba. A majalisa kuwa tsiraru suna da abin ciniki. Wakilin da mutanensa suka damu ƙwarai da wata doka yana iya ba da goyon bayansa a wani wuri domin a tausaya masa a nan. Mutane da yawa suna ƙyamar wannan ciniki, amma ta hanyarsa ne majalisa ke auna nauyin bukata, ba yawan masu ita kaɗai ba.

A 1963 majalisar Kalifoniya ta yi dokar hana wariyar launin fata wajen sayarwa da hayar gidaje, wadda ɗan majalisa baƙar fata William Byron Rumford ya gabatar. A 1964 kimanin kashi 65 cikin 100 na masu zaɓe suka rushe ta da Ƙuduri na 14, sai da Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da soke ƙudurin a 1967. A 1994 kimanin kashi 59 cikin 100 suka amince da Ƙuduri na 187 na hana baƙin haure makarantun gwamnati da asibiti in ba na gaggawa ba, kotun tarayya ta dakatar da shi. A Suwizalan, ranar 29 ga Nuwamba 2009, kashi 57.5 cikin 100 suka amince da ƙudurin haramta gina hasumiyar masallaci, alhali hasumiya huɗu ce kacal a ƙasar duka, kuma gwamnati da majalisar tarayya sun shawarci jama'a su ƙi. A duk waɗannan, idan ma'auninmu dacewa da masu rinjaye ne, sai mu ce ƙuduri ya yi daidai, majalisa ta yi kuskure. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu tuhumi ma'aunin.

Adalci ya sa mu ambaci cewa Barbara Gamble, wadda ta nuna a 1997 cewa tsiraru sun sha kaye a mafi yawan ƙuri'un da suka shafi haƙƙinsu, ta sami masu ja da ita. Zoltan Hajnal da abokan aikinsa sun nuna a 2002 cewa idan aka tara dukan ƙudurorin Kalifoniya, baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka suna cikin ɓangaren da ya ci a mafi yawan lokuta. Mu a ganinmu binciken biyu ba su rushe juna ba. Mutum na iya kasancewa cikin masu nasara a ƙuduri tara na hanyoyi da ruwan sha, ya sha kaye a na goma wanda ya shafi gidan da zai zauna ko ɗakin da zai yi ibada. Tara da ɗaya a nan ba nauyinsu ɗaya ba.

Har ila yau akwai waɗanda ba su da ƙuri'a sam. Ana raba mazaɓu a Amurka bisa yawan dukan mazauna, har da yara da baƙi, saboda haka ɗan majalisa wakilinsu ne ko da ba su zaɓe shi ba. Ƙuduri kuwa ba ya jin muryar kowa sai wanda ya jefa ƙuri'a. Majalisar tarayyar Suwizalan ta amince a ba mata ƙuri'a, aka miƙa wa maza su tabbatar a 1959, kashi biyu cikin uku suka ƙi. Sai a 1971 mata suka samu, a yankin Appenzell Innerrhoden kuwa sai da kotun tarayya ta tilasta a 1990.

7.0 Bayan An Ƙirga Ƙuri'a

Kada a ɗauka daga abin da ya gabata majalisa ta fita tsab. Jeffrey Lax da Justin Phillips sun nuna a 2012 cewa dokokin jihohin Amurka suna dacewa da ra'ayin masu rinjaye a kusan rabin al'amuran da suka duba ne kawai, kuma ba su ga kasancewar ƙudurin jama'a a jiha ya rage wannan giɓi ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da muke ganin suna jawo haka shi ne, ko jama'a sun yi doka, aiwatar da ita na hannun 'yan siyasa. Gwamnan Mein Paul LePage ya ƙi aiwatar da faɗaɗa shirin lafiya har ya sauka, sai magajiyarsa Janet Mills ta yi a 2019. Majalisar Mizuri ta ƙi ware kuɗi a 2021 har Kotun Ƙolin jihar ta sa baki. A Filorida kusan kashi 65 cikin 100 suka amince a 2018 a mayar wa tsofaffin fursunoni 'yancin zaɓe, a 2019 majalisa ta ce sai sun biya dukan tarar da ake bin su. A watan Agusta na 2023 majalisar Ohayo ta nemi a ɗaga rinjayen gyaran tsarin mulki zuwa kashi 60 cikin 100, kimanin kashi 57 cikin 100 suka ƙi.

Amma ba kowane gyaran majalisa ne cin amana ba. A 2020 mutanen Oregon suka amince da ƙudurin daina hukunta mai riƙe da ƙaramin adadin miyagun ƙwayoyi. Da jama'a suka ga abin da ya biyo baya a tituna, ra'ayi ya juya, majalisa ta maido da hukunci a 2024. Da an kulle wannan doka da sharaɗi irin na Ƙuduri na 22, da gyaranta ya yi wuya. Tambayar da ta kamata a yi wa majalisar da ta taɓa ƙuduri ita ce: shin ta gyara ne domin dokar ta gaza a aikace, ko domin ta taɓa kujerunta da jam'iyyarta?

8.0 Darasin Suwizalan

Duk da kurakuran da muka ambata, tsarin Suwizalan yana da abin koyi, domin bai mai da hanyoyin biyu abokan gaba ba. Ana bukatar sa hannu 100,000 cikin wata 18. Daga nan ƙudurin zai je gwamnati da majalisa su tattauna, su ba da shawara, kuma suna iya kawo nasu madadin. Sa'an nan sai ya sami rinjaye biyu, na jama'a da na yankuna. Tun 1891 kusan ɗaya cikin goma ne kawai na ƙudurorin da aka jefa wa ƙuri'a suka wuce, amma da yawa daga cikin waɗanda suka faɗi ko aka janye sun haifar da doka ta hanyar madadin majalisa. A 2020 ƙudurin ɗora wa kamfanonin ƙasar alhakin ɓarnar da suka yi a ƙasashen waje ya sami kashi 50.7 cikin 100, ya faɗi a rinjayen yankuna, madadin majalisa mai sassauci ya zama doka. A nan aikin ƙuduri shi ne tilasta wa majalisa ta duba abin da take gudu, aikin majalisa kuwa shi ne tsara shi yadda zai zauna da sauran dokoki.

Kalifoniya ta ɗan matsa wajen nan a 2014, da ta ba masu ƙuduri damar janyewa idan sun daidaita da majalisa. Ta haka aka sami dokar kare bayanan masu saye a intanet a 2018. Amma a wannan shekara dai aka yi amfani da barazanar wani ƙuduri da kamfanonin lemon kwalba suka mara wa baya, majalisa ta hana garuruwa sa sabon haraji a kan lemon har zuwa 2031. Ashe inda kuɗi ke sayen sa hannu, ƙofar sulhu ma tana iya zama ƙofar matsi.

9.0 Kammalawa

Abin da muka yi ƙoƙarin nunawa shi ne hanyoyin biyu ba abu ɗaya suke wakilta ba. Ƙuduri yana wakiltar ra'ayin waɗanda suka fito zaɓe, a kan tambaya ɗaya, a rana ɗaya, yadda wani ya tsara ta. Majalisa tana wakiltar mazauna mazaɓu, da nauyin bukatunsu, da daidaita wannan da wancan, kuma akwai wanda za a kama idan abu ya ɓaci. Hujjar Matsusaka ta tsaya da ƙafarta a inda majalisa ke da son zuciya a cikin magana, kamar shata mazaɓu da wa'adin kujera, da kuma inda jam'iyya ta toshe abin da magoya bayanta kansu ke so. Ta yi rauni a inda magana ta shafi kasafin kuɗi, da haƙƙin tsiraru, da dokar da za ta daɗe bayan masu yinta sun shuɗe.

Saboda haka muna ba da shawara ga masu nazari a wannan fage su daina tsayawa a ƙirga sau nawa doka ta dace da masu rinjaye. Su ƙara da tambayoyi huɗu: wa ya rubuta, wa ya biya, wa zai ɗauki nauyi, kuma ta wace hanya za a gyara idan an yi kuskure. Da waɗannan tambayoyi ne za a iya raba Ƙudurin Mishigan na 2018 da Ƙuduri na 14 na 1964, waɗanda ma'aunin ƙidaya ya ɗora a sikeli ɗaya.